Tsirkiya Huɗu

Daren Talata ta tsinke, ta biyu daga sirara.
Ba a kan dandamali ba, ba tsakiyar tango ba,
a ɗaki, ina kwance.
Na ji ƙas! kamar an karya ƙashin kaza cikin duhu.
Shekara goma sha tara tana ɗauke da ni,
ta sauke ni ba sallama.

Babban goge ne, ya fi ni tsawo da tafi guda,
ƙugunsa ya fi ƙofar mota faɗi.
Duk Montevideo babu direban da bai harare mu ba,
ni da shi.

Na gangara shagon Anselmo Píriz,
can inda iskar kogi ke lasar fentin ƙofofi.
Ya ajiye ƙoƙon shayinsa, ya jawo aljihun tebur.

"Ga ta hanjin tunkiya.
Muryarta ƙamshin ƙasa ne bayan ruwan fari,
amma akwai ta da fushi:
laima ta sauko ta saki, iska ta bushe ta ɗaure,
kullum kana murɗa kunne kamar mai lallashin rediyo.
Ga ta ƙarfe.
Ba ruwanta da yanayi, ba ta san uban kowa ba,
za ta ratsa fiyano ta isa kujerar ƙarshe,
sai dai tana cin yatsu.
Wannan kuwa jemage ce, zaren roba da rigar azurfa,
ba tsuntsu ba, ba dabba ba, amma tana tashi."

Na ce guda nake so.
"Sabon haƙori a tsohon baki?
Ita kaɗai za ta yi ta ihu, ukun su sunkuyar da kai.
Huɗu, ko ka bari."
Ya faɗi kuɗin. Fanshon wata guda da rabi.
Na nemi kujera.

Hanji raina ke so.
Da ita na fara, a gidajen rawa na Barrio Sur,
ina shafa mata man zaitun da tsumma,
tana amsa mini kamar ƙirjin sa.
Ga hannun hagu yanzu, sanyin ƙashi ya lanƙwasa biyu,
abu mai taushi yake roƙo.

"Shekara nawa take yi?"
"Hanji? Biyu. Uku in kana da sa'a.
Ƙarfe kuwa ai ka gani da idonka, ta doshi ashirin."

Ashirin.
Na ɗora ta kan saba'in da shida,
lissafin ya wuce ni ya bar ni a tasha.

Sai na tuna ranar Alhamis.
Maite Olivera, shekara sha huɗu,
tana taka bulo biyu kafin ta kamo wuyansa,
tana goga ƙaro a izga har ya yi yawa.
Ba ta da nata gogen.
Baɗi za ta tsaya gaban alƙalai biyar a babban zaure,
inda hanji ke shaƙewa tun layi na goma.

"Ba ni ƙarfe."
"Yatsunka fa, Wilmar?"
"Ba nawa za ta ci ba."

A gida na canza su ɗaya bayan ɗaya,
kada jakin ya faɗi,
kada sandar nan ta ciki, wadda muke kira rai, ta goce.
Na shafa fensir a kowane gurbi.
Sautin ya fito da kaifi, baƙo ne, bai san ɗakin ba.
Anselmo ya ce a ba su mako shida.

Tsinkakkiyar na ɗaure tumatir da ita a baranda.

Alhamis ta zo, ta hau bulonta, ta ja izga a kan mai kauri.
Cokali ya yi rawa cikin kofi.
Gilashin taga ya amsa.
Ta tsaya, ta dubi kan yatsunta, sun yi ja.
"Da zafi," ta ce.
Na ce na sani. Sake ja.